Yadda Ake Yi Idan Kamfani Ya Rufe, Aka Ce Ka Bi Aiki Kudu

Mu 'yan aikin safe ne muka fara ganin takardar, an manna ta a allon sanarwa kusa da inda muke buga kati. Ba ta fi layi biyar ba. Kamfanin da na shekara goma sha ɗaya ina yi wa aiki a Sharaɗa ta Kano zai kashe injina nan da wata biyu, ya kwashe komai zuwa reshensa na jihar Ogun. Mai son bin aiki ya kai sunansa ofis, wanda ba ya so kuma "za a duba haƙƙinsa". Wani dattijo mai kula da tukunyar tururi, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kaduna, ya karanta har sau biyu, ya tura hula ƙeya, ya ce da ni, "Ɗana, wannan 'za a duba' ɗin na san ta. Je ka nemi takardunka tun ofis yana da mutane."

Na ce, "Baba, ai akwai sauran wata biyu."

Ya ce, "Ranar da aka garƙame get, mai gadi kaɗai za ka tarar. Shi kuwa ba ya sa hannu a takarda."

Baba ya san abin da yake faɗa. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta tsaya a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Masaƙar UNTL ta Kaduna ita ma ta rufe a 2007. Ba Arewa kaɗai ba ce: Michelin ya tsayar da masana'antar tayarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a 2008, a 2023 kuma kamfanin magunguna GSK da kamfanin kayan masarufi Procter & Gamble suka sanar da janye jikinsu. Wanda bai bar ƙasar ba yakan matsa kusa da tashar jirgin ruwa ta Apapa da bututun iskar gas, domin injin da ke cin dizil a Kano ba zai iya gasa da mai cin gas a Agbara ko Ota ba. Shi ya sa a wajenmu maganar rufe kamfani take zuwa tare da maganar tafiya Kudu.

Da farko, takardu

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin sanarwa ta fito za ka ga an soke aikin dare, an daina obataim, tirelolin kayan aiki sun ragu, inji ya lalace an lulluɓe shi da tamfol maimakon a gyara, albashin da ke shiga 25 ga wata ya koma 10 ga wata mai kamawa. Da ka ga biyu ko uku cikin waɗannan, sayi fayil na roba ka fara tarawa.

Abin da za ka zuba a ciki: takardar ɗaukarka aiki, takardar tabbatar da kai, duk takardun ƙarin girma da ƙarin albashi, takardun biyan albashi na aƙalla shekara guda, littafin ƙa'idojin aiki, da kwafin yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadago ta ƙulla da kamfani. Wanda ya ɓace maka, rubuta wa ofishin kula da ma'aikata su ba ka wani, yau ba gobe ba. Ka ɗauki hoton kowace takarda da waya ka tura wa kanka ta imel, saboda ruwa da gara da ɓarawon waya.

Daga nan ka tafi ofishin kamfanin fanshonka ka ce a buga maka bayanin asusunka tun daga farko. Ka zauna da biro ka bi shi wata-wata. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kamfani ya ɗora aƙalla kashi 10, a zuba cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Kamfanin da ya fara tangal-tangal, abin da yake fara tauyewa ke nan: a takardar albashi an cire, a asusu babu. Ni na tarar da giɓin wata tara. Da ban duba a lokacin ba, da sai ranar ritaya zan gani, lokacin da ko sunan akantan ba wanda zai tuna.

Haka kuɗin asusun gidaje na ƙasa in ana cire maka, da kuɗinka na kofaretif ɗin ma'aikata. Shi kofaretif ka nemi a kira taro a yi lissafi a gaban kowa, wa ke bin kuɗi, wa ake bi, tun kafin mutane su watse.

In kana aiki cikin ƙura, ƙara ko sinadari, je asibitin gwamnati a gwada maka kunne, ido da ƙirji, ka ajiye sakamakon. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ta tanadi diyya ga cutar da aiki ya jawo, amma sai da shaida.

Na biyu, ka san abin da doka ta ba ka da abin da ba ta ba ka ba

A nan mutane da yawa ke yaudarar kansu. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce in za a rage ma'aikata, dole kamfani ya sanar da ƙungiyarsu ko wakilinsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa. A bi tsarin wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya, tare da duba ƙwarewa da riƙon amana. Kamfani kuma ya yi iya ƙoƙarinsa ya sasanta kuɗin sallama. Ka lura, sashen bai yanka adadi ba. Adadin yana cikin takardar ɗaukarka aiki, ko littafin ƙa'idoji, ko yarjejeniyar ƙungiya. Ka ga dalilin fayil ɗin nan ke nan.

Wa'adi kuwa sashe na 11 ya fayyace mafi ƙaranci: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga wanda ya shekara biyar ko fiye. In ba a ba ka wa'adin ba, a biya ka kuɗinsa. In takardarka ta ce wata uku, wata ukun ne naka. Manyan ma'aikata masu aikin gudanarwa ko na ƙwararru, wannan doka ba ta rufe su kai tsaye ba, abin da suka sa wa hannu shi ne madogararsu. Ma'aikacin wucin gadi da ɗan kwangila ya kawo shi ma ya duba wa ke biyansa a takarda, domin shi zai fara bi.

Kada ka shiga ofishin manaja kai kaɗai kana neman a yi maka alfarma. Ana son haka, domin sanda ɗaya ba ta da wuyar karyawa. Ku tafi ta hannun ƙungiya, in babu ku zaɓi wakilai, ku rubuta wa ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharku su zo su zauna a teburin. In abin ya ƙi, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kano da Kaduna. Sai dai shari'a doguwar tafiya ce, yaro kuma ba ya cin ranar zaman kotu. Abin da kuka iya karɓa tun injina suna cikin gini ya fi abin da za ku bi bayan an loda su a tirela.

Abu biyu kada ka yi ko da an matsa maka. Kada ka rubuta takardar ajiye aiki da hannunka don an ce "za ta sauƙaƙa biyan kuɗinka". Wanda ya ajiye aiki da kansa ba korarre ba ne, yana iya rasa kuɗin sallama. Kada kuma ka sa hannu a takardar da ta ce ka karɓi dukkan haƙƙinka alhali kuɗi bai shiga asusunka ba. Ka ce za ka kai gida ka karanta. Wanda ya hana ka kai takarda gida ya san abin da ya rubuta a ciki.

Na uku, tayin canjin wuri: yi tambaya har a gaji da kai

Kalmar "bi mu" tana da daɗin ji ga mutumin da ke tsoron zaman banza, amma akwai ramuka a ƙarƙashinta. Tambaya mafi girma ita ce: shekarun da na yi suna nan, ko sabon lissafi za a fara? In kamfani ɗaya ne, ya kamata shekarunka su bi ka. In kuwa reshen na can yana da wani suna a rajista, to wani ubangida ne daban, kuma sashe na 10 na dokar ya ce ba a mayar da kwantiragin ma'aikaci hannun wani sai da yardarsa, da sa hannun jami'in ƙwadago. A irin wannan hali ɗayan biyu za ka tsaya a kai: ko a biya ka kuɗin shekarunka yanzu ka fara sabo, ko a rubuta ƙarara cewa sabon kamfani ya ɗauki nauyinsu, da ranar da ka fara aiki a jiki.

Sauran tambayoyin su ma a rubuce kake son amsarsu. Matsayina da albashina suna nan, kuma za a ƙara kuɗin gida da na mota daidai da tsadar can? Nawa ne kuɗin tashi, yaushe za a ba ni, kyauta ne ko bashi ne da za a riƙa cira? Wa zai biya motar kaya? Akwai masauki na makonnin farko? Wane asibiti inshorar lafiya ta haɗa ni da shi a can, da iyalina ko ni kaɗai? Za a sake sa ni gwajin aiki kamar sabon ɗauka? Sai wadda kusan kowa ke mantawa: in na je na yi wata uku ko shida na ga ba zan iya ba, zan karɓi kuɗin sallamar da waɗanda suka zauna suka karɓa, ko na yi biyu babu? Mu mun samu an rubuta mana wata shida. Mutum huɗu cikin waɗanda muka tafi tare wannan layin ne ya mayar da su gida da kuɗinsu a aljihu.

Ka tambayi maganar sallar Juma'a ma. A Kano ba a tambaya domin kowa ya san za a tashi. A can sai ka nema. In kuna da yawa ku nema tare tun yanzu.

Na huɗu, biro da takarda

Albashi ɗaya ba ɗaya ba ne a gari biyu. A ce, misali, an nuna maka ɗaki da falo a kan naira 600,000 a shekara. Ejan zai nemi kashi goma, kuɗin agirimen wani kashi goma, ga kuɗin ajiya na ɓarna. Kafin ka karɓi makulli ka haura 720,000. Ɗora kuɗin mota zuwa aiki na kwana 26, abinci, ruwa, wuta, kuɗin 'yan sintiri na unguwa. Ɗora gida na biyu, wato cefanen da za ka riƙa aikowa Kano. Ɗora kuɗin motar zuwa gida aƙalla sau uku a shekara, ka ninka na lokacin Sallah, ka kuma ware wani abu na tafiyar gaggawa, domin rasuwa da rashin lafiya ba sa sallama.

Sannan ka rubuta abin da za ka rasa wanda ba ya cikin takardar albashi: buhun masara da gero daga gonar gado, ɗinkin da uwargida ke yi wa matan layi, gidan da kake zaune ba haya, makwabcin da ke ba ka rance ba takarda. Abin da ya rage bayan wannan duka shi ne albashinka na gaskiya. In ya fi abin da za ka iya samu a gida da kuɗin sallamarka, tafiya ta yi. In kwabo biyu ne bambancin, ni ban ga dalilin kwana a hanyar Lokoja saboda shi ba. Mutumin da saura masa shekara uku ko huɗu ya yi ritaya lissafinsa daban ne da na ɗan shekara talatin.

Na biyar, gida

Kuskuren da na yi, sai da na kai sunana ofis sannan na gaya wa uwargida. Ta gama kwashe tuwo, ta zauna, ta ce, "Malam, shawara kake nema ko labari kake ba ni?" Ban sami amsa ba. Ita ce ta tuna min babbar 'yarmu tana shirin shiga ajin ƙarshe na sakandare, ita ce ta tambayi wa zai riƙa kai Hajiya asibiti ranar ganin likitan hawan jini. Duk ban sa su a lissafi ba.

Ka faɗa tun ranar da ka ji. Ka je wa iyaye, ka yi istihara, ka gaya wa yara da bakinka daidai hankalinsu kafin su ji a layi. In matan biyu ne, maganar wa za ta bi ka da yadda kwana zai kasance a warware ta a zaune, da wani babba in da hali. In ke ce ma'aikaciyar aka yi wa tayin, duk tambayoyin nan naki ne, ki ƙara da neman a rubuta miki maganar masauki mai tsaro da lokutan aikin dare kafin ki kai zancen gida, domin su za a fara tambayarki.

Kuma kada ka ɓoye damuwarka kana cewa ba komai. Rashin barci da saurin fushi da ciwon kai a irin wannan lokaci sun kama kusan kowa a cikinmu. Je a auna jininka, ka riƙa zama cikin mutane.

Na shida, gani ya kori ji

Kafin ranar ƙarshe ta amsa tayi, ɗauki kwana huɗu ko biyar ka je da ƙafarka. Ka ga masana'antar, ka yi hira da leburorin can ba manajoji ba: ana biya a kan lokaci? Injina nawa ke aiki? Kada ka bar jirgin da ke nitsewa ka hau wanda ke yoyo.

Sauka a wajen naka. Akwai Hausawa da suka yi shekaru aru-aru a Agege, akwai Mile 12 da Idi-Araba, akwai Sabo a Shagamu da Abekuta da Ibadan. Je ka gaida Sarkin Hausawan wurin da limamin masallaci, ka faɗi abin da ya kawo ka. Su suka san ejan na gaskiya da ɗan damfara. Amma kada daɗin zama cikin 'yan'uwa ya sa ka kama ɗaki nesa da aiki. A Legas da kewayenta ba a auna nisa da kilomita, da awa ake aunawa. Ka gwada hanyar da kanka da ƙarfe shida na safiyar Litinin.

Wajen duba gida, dubi gindin bango: in ka ga layin datti ya kai gwiwa, ambaliya ce ta sa hannu. Tambayi mita, ta kati ce ko ta ƙiyasi, kuma akwai tsohon bashin wuta? Ruwa fa, rijiyar burtsatse ko saye? Ƙarfe nawa ake rufe get ɗin layi, tunda kana da aikin dare? Gidajen haya da yawa ɗaki ne ke kallon ɗaki, banɗaki da kicin na tarayya. Ga gwauro ba laifi, ga mai iyalin da suka saba da tsakar gidansu kuwa babban al'amari ne. Kada ka biya ko sisi sai ka ga mai gidan ido da ido, ka shiga ɗakin, ka biya ta banki, ka karɓi rasit da agirimen. A yawancin sassan jihar Legas, dokar haya ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. In gidan a ɓangaren Ogun yake, wannan doka ba ta kai can ba, ciniki ne tsakaninku.

Na bakwai, tafiyar kanta

Tafi kai kaɗai tukuna, da jaka ɗaya da katifa da tukunya. Wata shida, ko har shekarar karatu ta ƙare. Makarantu suna buɗe sabuwar shekara a watan Satumba, to in iyali za su biyo ka, a dogon hutu ne, da takardar canjin makaranta da sakamakon kowane yaro da katin rigakafin ƙanana. Wanda ya shiga ajin jarrabawar WAEC ko NECO a bar shi ya gama a inda yake.

Gida ko fili ko gona, kada ka sayar don ka yi kuɗin tafiya. Ba da haya, ko ka sa ɗan'uwa. Gadaje da kujeru da kabad kuwa sau da yawa kuɗin ɗaukarsu ya fi darajarsu, ga ɗakunan can ƙanana. In dole sai an yi lodi, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku ɗauki mota ɗaya, a rubuta kowane kaya a wabil, wato takardar lodi, wani daga cikinku ya bi motar. Takardunka kuma a jikinka, ba cikin lodi ba. Ka biya ƙananan basussukan unguwa, ka san yadda za ka yi da zubin adashe, ka yi sallama da mutane gida-gida; wata rana ta nan za ka dawo.

Asusun fanshonka ba ya canzawa, lambar nan taka ce har abada, ka dai miƙa ta ga ofishin can. Hutun shekara ka adana shi don Sallah, domin kwana biyun da gwamnati ke bayarwa a hanya za su ƙare. Ka koyi gaisuwar Yarbanci tun makon farko, "e kaaro" da safe, "e kaale" da dare, ka russuna wa dattijo. Bayarabe yana son gaisuwa kamar yadda muke so. Cefanen gida kuma ka sa masa rana tsayayya, ya fita ranar da albashi ya shigo kafin Legas ta gan shi.

In ka zaɓi zama

Ba gazawa ba ce. Kuɗin sallama dai ka bar shi ya kwana wata guda a banki kafin ka taɓa, domin ranar da ya shigo za ka ga masu shawarar kasuwanci da masu neman rance sun fi ƙudan damina. Ware cefanen wata shida da kuɗin makaranta, sauran ka sa a sana'ar da hannunka ya sani. Makaniken inji, mai walda, mai haɗa wuta, duk suna da kasuwa a Dakata da Bompai da Chalawa. Karɓi takardar shaidar aiki kafin a rufe ofis. In ba ka kai shekara 50 ba kuma ka yi wata huɗu ba ka sami wani aiki ba, doka ta ba ka damar cire har kashi 25 cikin ɗari na asusun fanshonka, da takardar sallama a hannu. Ka ɗauke shi a matsayin tulun ƙarshe, domin daga abincin tsufanka ake ɗiba. Baba mai tukunyar tururi zama ya yi, ya sa injin markaɗe a ƙofar gida.

Wanda ya tafi kuma, akwai aiki ɗaya da ya rage masa a ƙarshen watan farko: ya karɓi takardar albashi ya karanta ta layi-layi, ya je ofis ya ce a nuna masa fayil ɗinsa. Nawa na tarar an rubuta ranar fara aikina ita ce ranar da na sauka a Ota, shekara goma sha ɗaya sun tafi a bugun kwamfuta ɗaya. Yarinyar ofishin ta ce haka aka turo musu daga sama. Na buɗe jaka na ciro takardar nan mai ɗauke da ainihin ranar, da hatimi da sa hannun manaja, na ajiye mata a tebur. Ta karanta, ta ce in dawo Alhamis. Ranar Alhamis na koma na tarar an gyara, na ce ta buga min kwafi biyu, ɗaya na sa a fayil, ɗaya na ba direban da ke zuwa Kano ya kai wa uwargida ta ajiye a ƙasan akwatinta.